Ranar da Uwarku ta Shiga Diwanin Maza

Labarin nan na ji shi a bakin mutane ya fi sau ɗari, kuma ko sau ɗaya ba a faɗe shi daidai ba. A kasuwar garin Hajj Abdalla cewa ake uwarku Rakiya katanga ta tsallake. A bakin tur'a, magudanar ruwan noma inda mata ke wanki, cewa ake ta mari baffanku Isiyaku har rawaninsa ya faɗa cikin miya. Wani direban lori ya taɓa ba ni labarin a hanyar Madani, bai san da wa yake magana ba, shi a nasa har da takobi a hannunta. To, gara ku ji daga gare ni. Ni ne mutumin da ke kwance a ƙasa ranar, saboda haka ba wanda ya fi ni kusa da maganar, ko da yake rabinta idona bai gani ba.

Ku kun tashi kun tarar da ni ina ƙirga loma, ba ku san ubanku na da ba. A da, in aka ji zan je walima, matan gidan sai su ƙara buhun dawa, kyanwoyin gidan kuma su yi sallama da juna, don sun san ba za a ga saura ba. Na taɓa zama gaban siniya, babban tiren abincin taro, a Rufa'a, na tashi, mai gidan ya ɗaga ta yana duba ƙasanta ko ta huje. Suna, ɗaurin aure, sadakar arba'in, dawowar alhaji, ba ya wuce ni, na Hausawa ne ko na maƙwabtanmu Larabawa. Kuma ba cikina kaɗai ake gayyata ba, har da bakina, don inda na zauna ba a rasa dariya. A ƙasar nan ta Sudan kun sani, namiji a bakin siniya ake saninsa. A nan ake jin wanda ruwa bai kai hawasharsa ba, wato gonarsa, a nan ake sulhu, a nan ake neman aure. Wanda ya daina zama a bakin siniya, da ransa ma an fara mantawa da shi.

Shekarar da audugata ta fi kowace shekara kyau, a ita ƙishirwa ta kama ni. Ina shanye randa guda kafin azahar, ina ci kamar da, amma jallabiyata kullum ƙara faɗi take yi, har ta zama in iska ta taso sai na riƙe bishiya. Uwarku ce ta lura tururuwa na taruwa inda na yi fitsari a bayan gida. Ba ta yi shawara da ni ba, ta ɗaure kaya ta ce gobe Madani. A asibiti wani hakim, wato likita, dattijo mai tabarau ya duba ni, ya ce sukkari ne, wato ciwon suga, kuma irin wanda sai da allurar insulin kullum. Ya ba ni sirinjin gilas a cikin gwangwani, ya nuna yadda ake tafasa shi, ya ce kwalbar maganin ba ta son zafi. Ya ba ni takarda cike da awon abinci. Ni duk lokacin nan makokin tuwo nake yi a zuciya, ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Uwarku kuwa, da ba ta san baƙi ko ɗaya na takarda ba, ta tsare shi da tambaya har ya cire tabaransa ya goge. A ƙarshe ya ɗaga yatsu biyu ya ce da Larabci, maganar tana da ƙofa biyu. In abinci ya yi yawa, ciwon zai ci ka a hankali, ido da ƙafa da ƙoda, shekara da shekaru. In kuwa ka yi allura abinci bai biyo baya ba, wannan ba ya jiran shekara, a yinin zai kai ka. In ka ji gumi da rawar jiki, ka nemi zaƙi da gudu.

Da muka dawo, uwarku ta mai da takardar hakim abin da mutum zai iya gani da ido. Ta ɗauki kisirarta, wannan siririyar wainar dawa da take shafawa a kan faffaɗan kaskon ƙarfe da ake kira doka, ta kai shagon ƙauye aka ɗora mata a ma'auni, aka karanta mata takardar, ta dawo da hukunci. Falle ɗaya na kisira, rabo ɗaya. Asida, wato tuwonmu, gwargwadon dunƙulen hannunta, rabo biyu, kuma ta ce hannunta, ba nawa ba. Rabin burodi, rabo ɗaya. Dabino uku, rabo ɗaya. Nama da miyar kuɓewa da ganye ba sa shiga ƙirga. A fatur, cin hantsi, ina da rabo huɗu. A gida wannan ba wuya, ita ke zubawa. Matsalar a gidan mutane take, inda hannu takwas ke shiga siniya ɗaya, ana hira, ba ka sanin inda naka ya tsaya. Sai ta wanke ƙwallayen dabino huɗu ta zuba mini a aljihun dama. Duk rabon da na ci, in mai da ƙwallo ɗaya aljihun hagu. In dama ta zama wayam, in wanke hannu. Banda su, ta ƙulle dabino uku na gaske a ƙyalle ta sa a aljihun ƙirji, na ranar gumi da rawar jiki. Kwalbar insulin kuma ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye ƙarƙashin randa, inda ruwa ke ɗiga.

Dabarar ta yi aiki har ranar da na je suna gidan Hajj Tayyib. Balarabe ne, hawasharsa na jikin tawa, ƙauyensu tafiyar rabin sa'a daga namu, mutum ne da in ya so ka sai ya kusa kashe ka da abinci. Na ci rabona huɗu na janye hannu. Ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ya tura mini kwanon sha'iriya, siririyar taliya mai suga, na ce alhamdu lillahi. Sai ya miƙe ya yi irin rantsuwar nan tasu: matarsa ta saku in ban cinye kwanon ba. Ku faɗa mini, ya zan yi? Matar nan 'ya'yanta tara, ba ta yi mini laifin komai ba. Na ceci aurenta da cokali. Washegari da na ɗiga fitsari a ruwan gwaji mai shuɗi da hakim ya ba ni na ɗora a wuta, ya koma ja kamar bulon Madani, na kwana biyu ina ganin mutum ɗaya kamar mutum biyu.

A nan ne na yi abin da na fi iyawa. Na ga rantsuwa ba ta jin "na ƙoshi", sai dai a tsorata ta tun kafin ta fito. A taro na gaba na gyara zama na ba su labari. Na ce hakim ya auna jinina ya tarar ya fi shayin amarya zaƙi, har ma'aikatan asibiti na neman a ɗiga musu a kofi. Na ce ya rantse mini dabino ɗaya in ya wuce maƙogwarona, kada a nemi lori, a nemi mai haƙa kabari. Na ƙara da wani mutumin Abu Na'ama, wanda ban taɓa gani ba don babu shi, na ce shi warin halawa kawai ya shaƙa a kasuwa ya faɗi matacce. Labarin ya zaga ƙauyuka kafin ni. Daga ranar ba wanda ya sake yi mini rantsuwa. In na iso, ana ɗauke kwanon suga a ɓoye shi kamar wuƙa a gidan mahaukaci. Na ci rabona huɗu cikin salama, ina jin kaina mai wayon yankin Jazira duka.

Uwarku ba ta yi dariya ba.

"Malam, ƙofa guda ka hwaɗa musu. Ina ta biyun?"

"Wace ta biyu kuma?"

"Wadda in abinci ya makara kake faɗuwa. Ka gaya musu mi dabinon aljihunka ke yi."

"Haba Rakiya. In ce musu suga na kashe ni, in kuma ce suga na tashe ni? Sai su ce ciwon ya taɓa min kai. Kuma ni, ni da sunana, in tsaya gaban maza in ce yunwa na kada ni?"

"To ko Isiyaku ka gaya mishi, tunda shi ke zama kusa da kai."

"Isiyaku? Wanga da in ya ji abu da hantsi, kafin la'asar jakunan Sinnar sun ji? Ki bar ni da taubashina."

Isiyaku ɗan gwaggona ne, kun san wasan da ke tsakaninmu. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ina ce masa abin da ba zan rubuta ba. Na san in ya ji yunwa na iya kada ni, na shiga uku har kabari. Don gudun tsokanarsa na yi shiru.

Bayan wata biyar Hajj Tayyib ya sake dawowa daga Makka, ya kira karama, walimar godiya, ya ce fatur ne, sa guda zai yanka. Uwarku ta riga ni tafiya tun da sassafe don taya matan gidan shafa kisira. Ni kuwa na yi lissafina: tafiya rabin sa'a, allura na son rabin sa'a kafin ci, in na isa siniya na fitowa. Ban so a gan ni a gidan mutane ina tafasa gwangwani ina ɗage riga. Na yi allurata a gida, har na ɗan ƙara kaɗan don na san hannun Hajj, na kama hanya ta bakin tur'a ina waƙa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne san. Da ya ga wuƙa, ya tsinke igiya, ya bi ta kan mahauci, ya faɗa tur'a ya haye, ya shiga audugar mutane. Wasu sun ce sai da ya kusa Rufa'a aka kamo shi. Wannan ƙari ne, kuma ina jin ni na fara faɗinsa. Amma gaskiya rana ta yi tsaka ba a ko feɗe shi ba. Kuma Hajj Tayyib ba zai fitar da siniya babu nama ba ko da sama za ta faɗo.

Muna zaune a diwan, ɗakin baƙi na maza, mu kusan arba'in, har da liman. Aka kawo shayi. Kowa aka ba shi mai suga, ni aka kawo mini nawa daban a kan faranti, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, Hajj da kansa ya miƙo yana alfahari cewa shi ya tsaya a kai don kada a yi kuskure. Aka zago da dabinon Madina. Da mai rabo ya iso kaina, mutum uku suka ɗaga hannu lokaci guda, aka tsallake ni da girmamawa. Ina kallon dabinon nan yana wucewa, gumi ya fara tsattsafo mini a ƙeya. Baƙo ba ya cewa yunwa yake ji, wannan kun sani. Na ce bari in daure kaɗan. Hannuna ya fara rawa, kofin na kaɗawa. Na buɗe baki in yi magana, harshena ya yi nauyi, kalmomin suka fito a karkace. Diwan ya fashe da dariya. Sun ɗauka ina kwaikwayon wani mashayi ne da muka sani, har wani na cewa wallahi sak.

Da na ga bango ya fara tafiya, na ce kunya ta isa. Na lalubo ƙyallen aljihun ƙirji, na kwance da ƙyar, na ɗauki dabino zan kai baki. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

"La ilaha illallahu! Wa yab ba ka wanga? Kashe kanka za ka yi gidan mutane?"

Isiyaku ne. Ya murɗe mini yatsu ya ƙwace duka ukun. Na kai masa duka, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi a kan tabarma. Abin da ya biyo baya, ji na yi daga baya. Sun ce ina ta cewa "suga, suga", su kuma suna cewa ai ga shi, ciwon ne ke kiran abin da zai kashe shi, a nesanta shi. Mutum biyu suka danne ni. Liman ya dafa kaina yana tofi. Isiyaku na tsaye da dabino a dunƙule, yana kuka da hawaye, yana cewa ya ceci raina. Mutum arba'in, kowannensu na ƙaunata, kowannensu na aiki da abin da na koya masa da bakina.

Ba wanda ya je ya kira uwarku. Tana can cikin gida gaban doka, ta dubi inuwar katanga ta ga ta shige ƙarƙashin katangar, siniya ko ɗaya ba ta fita ba. Ta san mijinta, ta san ba zai ɗauko gwangwani ba, ta san a gida ya yi allura. Ta ce tana cikin wannan tunani ta ji dariyar diwan ta ɗauke ɗif. Ta ajiye abin shafa kisira, ta ɗauki kwanon suga da butar shayi, ta ja mayafinta. Matar Hajj ta riƙe ta tana cewa ina za ki, maza ne fa. Ba ta tsallake katanga ba. Ta ƙofa ta shiga, kamar kowa, sai dai ba mace da ta taɓa shiga ta ƙofar nan ana taro. Ta ratsa maza arba'in, ƙafarta ba takalmi, hannunta duk ƙullu.

Isiyaku ya tare ta da ya ga kwanon.

"Rakiya, suga ne wanga! Kin haukace? Shi da bakinshi yac ce..."

"Shi da bakinshi yac ce ya taɓa cinye raƙumi. Ka yarda? Kauce min."

Ba ta mare shi ba. Kaucewa ya yi da sauri har ya taka gefen rawaninsa, rawanin ya warware. Miya kuwa ko ɗorawa ba a gama ba, balle ya faɗa ciki. Ta durƙusa, ta ɗaga kaina a cinyarta, ta jiƙa suga ta dinga shafa mini a cikin kumatu da yatsa, kamar yadda hakim ya nuna mata ranar da nake makokin tuwo. Da ta ga na fara haɗiya, ta ba ni shayi mai zaƙi kaɗan kaɗan. Hajj Tayyib ya ɗaga hannu zai yi rantsuwarsa, ta dube shi ta ce da Larabci:

"Ya Hajj, yau ka bar matarka ta huta."

Sun ce ba a fi tsawon sallar azahar ba na buɗe ido. Na ga rufin diwan, na ga gemu arba'in, na ga fuskar uwarku a tsakiyarsu. Abin da na fara cewa, kuma wannan kowa ya yarda da shi, shi ne: an kama san?

Ita ta biya kuɗin wannan rana, ba ni ba. Ni namiji ne mai ban dariya, faɗuwata ma labari ta zama. Ita kuwa aka ce ba ta da kunya, ta buɗe fuska gaban liman, ta mayar wa alhaji magana a diwaninsa. Shekara guda ba gidan biki da ya kira ta shafa kisira, ita da duk yankin ba mai siririn hannunta. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya ta nema, ta ce in je in buɗe musu ƙofa ta biyu. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallaci. Na ce jama'a, mutumin Abu Na'ama babu shi. Na ce dabino ɗaya ba ya kashe ni, yawansa ne ke cuta ta a hankali. Na ce in na yi allura abinci ya makara, faɗuwa nake yi kamar buhu, kuma in kun ga gumi da rawar hannu da maganar banza fiye da wadda kuka saba, ku ba ni zaƙi. Na ce matata ba rashin kunya ta yi ba, ƙaryata ta je gyarawa. Ba wanda ya yi dariya. Shi ne taro na farko a rayuwata da na yi magana aka watse shiru, kuma sai da aka yi wata shida ana tambayata shaida in na ce an yi ruwa a gonata.

Ban daina zuwa gidan mutane ba, abin da nake gode wa Allah da shi ke nan. Sai dai yanzu gwangwanina na tafiya da ni, kwalba a jiƙaƙƙen tsumma. Ba na yin allura sai na tambayi mai gida, ba kunya, ko an fara zuba miya. Hajj Tayyib har kusurwa ya ware mini da murhun gawayi, kuma ya koyi ƙirgan ƙwallaye, in ya ga na huɗu ya koma hagu shi da kansa ke janye siniya daga gabana. Rantsuwarsa ta koma kan wasu bayin Allah. Matan da suka guji uwarku su ne daga baya suke aiko mata in an ce wani nasu ya kamu da sukkari, ta je ta auna musu asida da dunƙulen hannunta.

Isiyaku kuwa, tsokanar da na ji tsoro ba ta zo ba. Ya ci gaba da kirana bawansa, ya ci gaba da cewa kaina kamar tulu, amma maganar faɗuwata bai taɓa sa ta a wasa ba. Kullum dai yana damana a bakin siniya. In abinci ya ɗan jinkirta sai in ga yana leƙen goshina, yana cewa, "Kai, gumin mi kake yi?" In ce masa zafi ake yi, Isiyaku, Sudan muke.

Bara da kaka Allah ya yi wa Isiyaku rasuwa, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ni na cire masa jallabiya za a yi wanka. Na ji abu a aljihun ƙirji, na zaro. Ƙyalle ne a ƙulle, da dabino uku a ciki. Ba busassu ba ne, sababbi ne masu laushi, na makon nan. Matarsa ta ce shekara tara ke nan duk Juma'a yake canza su, kuma ya hana kowa taɓawa, shi kuwa ko son dabino ba ya yi.

Na kawo su gida na ajiye gaban uwarku. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ƙulle ƙyallen, ta sa mini a aljihu, ta daddanna da tafin hannunta.

"Naka ne, ajiya yay yi maka. Sai ka nemi wanda zai zauna damanka yanzu, ka gaya mishi tun wuri. Duka biyun, Malam."